Ina Ƙwarin Rafinmu Suka Tafi?

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu masu karanta wannan mujalla, ina roƙon ku ba ni aron hankalinku in yi muku bayani a kan wani abu wanda na san da yawa za su ce bai isa a ɓata takarda a kansa ba, watau ƙwari. Ba ƙwarin gona nake nufi ba, ba kuwa kuɗin cizon da ke hana mu barci a ɗakin kwana ba. Ina nufin ƙananan ƙwarin nan da ke girma a cikin ruwa, waɗanda in lokacinsu ya yi sai su yi fiffike su tashi sama. Ni ma da ban ɗauke su a bakin kome ba, sai da wata magana ta kakana ta haɗu da wani darasi na malaminmu na ilmin halittu, sa'an nan na gane ashe da hannuna a cikin abin da ke damun tsohon.

Ni mutumin Rimaye ne, cikin ƙasar Kankiya. Akwai wani rafi da ke wucewa kusa da gonakinmu, wanda ba ya gudu sai da damina. In kaka ta yi sai ya yanke, ya bar gurabu masu zurfi nan da can, wasu sukan riƙe ruwa har tsakiyar rani. Mu ba Sarkawa ba ne, noma muka gada, amma kakana tun yana yaro yake fatsa a waɗannan gurabu, yana kuma da koma da ya saƙa da hannunsa. Yakan ce a zamaninsu in an gama yankan gero, ba a cin tuwon dare a gidanmu da miya gaya, ko karfasa ko tarwaɗa ko 'yan ƙananan kifayen nan da ake soyawa a cinye har ƙaya. Yanzu kuwa komar tana rataye a zaure, gizo-gizo ya yi saƙarsa a kan ta kaka.

Wata rana da hutu, bayan sallar isha'i, muna zaune a ƙofar gida ƙarƙashin fitilar nan mai aiki da hasken rana, sai ya ɗaga kai ya dube ta, ya ce mini, "Kai ɗan boko, dubi fitilar nan ka gaya mini abin da ka gani." Na ce ban ga kome ba sai 'yan ƙwari suna kewaya ta. Ya ce, "To, abin da na gani ke nan ni ma. Da can in ka kai aci-balbal bakin rafi a irin wannan lokaci, ba ta minti nawa sai ƙwari sun kashe ta. Kana jin kifi yana tsalle yana kama su, fal, fal, kamar ana jifa da tsakuwa. Tun da ƙwarin nan suka ɗauke ƙafa, kifi ma ya bi su." Na ce ko shinge yake nufi. Sai ya yi mini dariya, ya ce an kai ni makaranta an dawo da ni ban san shinge daga suri yake fitowa ba. Waɗanda yake faɗi farare ne, masu laushin jiki, da wutsiya kamar zare, daga ruwa suke fitowa, kafin gari ya waye kuma duk sun mutu. Na ɗauka irin zancen tsofaffi ne, da kullum jiya ta fi yau, na bar maganar nan.

Da muka komo makaranta, muna kan darasin yadda halittu ke cin juna, sai Malam ya nuna mana wani ɗan majigi a wayarsa. Wani Bature ne tsaye a cikin kogi, ruwa ya kai masa gwiwa, yana kaɗa wata doguwar sanda gaba da baya kamar mai koran tsuntsu a gonar dawa. Duk aji aka fashe da dariya. Malam ya ce fatsa yake yi, amma ba tana a ƙugiyarsa, ba ƙullun dusa, ba hanjin kaza. Abin da ke jikinta gashin zakara ne da ɗan gashin zomo, an naɗe da zaren siliki, an siffanta shi kamar ƙwaro. Da yake abin ba shi da nauyi, igiyar ce ake yi mai nauyi, ita ke ɗaukarsa ta kai shi nesa, ya sauka bisa ruwa a hankali kamar ƙwaron gaske. Kifin da ake nema sunansa tirawut, ba ya zama sai a ruwa mai sanyi mai tsabta, don haka babu shi a ƙasarmu ta Hausa, amma an kai irinsa tsaunukan Kenya tun 1905. Wannan dabara tsohuwa ce ƙwarai, gama wani marubuci na zamanin Rumawa ya ba da labarin mutanen Makidoniya suna naɗa jan ulu da gashin zakara a ƙugiya kusan shekara 1,800 da suka wuce. A Ingila kuwa, a kogunan Test da Itchen, aka gyara ta ta zama abin da take a yau. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yawancinsu in sun kama kifin sai su cire ƙugiya su mai da shi ruwa. Da na ba kaka wannan labari cewa ya yi, "Wannan ai fatsar ƙosassu ce."

To, amma ku lura da wani abu. Mai irin wannan fatsa ba ya kama kome sai ya san wane ƙwaro ne ke tashi a wannan wata, da wannan sa'a, don ya ɗaura mai kama da shi. Saboda haka sun zama masu sa ido a kan ƙwari fiye da kowa, wasu har suna da littafin da suke rubuta abin da suka gani kowace rana, uba ya mutu ya bar wa ɗa. Su ne suka fara kuka cewa ƙwarin da ke tashi daga kogunansu sun ragu, tun kafin masana su auna su tabbatar. Da Malam ya nuna mana hoton babban ƙwaron da suke kwaikwayo, wanda suke kira ƙudan watan Mayu, sai gabana ya faɗi. Ga laushin jiki, ga wutsiya kamar zare. Ashe danginsa ne kakana yake ba ni labari.

Bari in ɗan tsaya a kan rayuwar wannan ƙwaro, don sai an san ta za a gane sauran bayanin. Macen tana zuba ƙwai a bisa ruwa, su nutse su manne a tsakuwa ko ciyawa. Abin da ke fitowa daga ƙwan ba shi da fiffike, ɗan mitsitsi ne mai ƙafa shida da wutsiya biyu ko uku, a gefen cikinsa kuma akwai wasu 'yan ganyayyaki da yake kaɗawa, da su yake shan iskar da ta narke a cikin ruwa, kamar yadda kifi ke yi. Yana zaune ƙarƙashin dutse ko cikin laka, yana cin gansakuka da ruɓaɓɓen ganye, yana saɓa kamar maciji sau da yawa. A ƙasashen sanyi yakan yi shekara ɗaya ko biyu a haka, a namu na zafi kuwa makonni ko 'yan watanni sun isa. Ranar da ya ƙosa sai ya taso saman ruwa, bayansa ya tsage, ya fito da fiffike. Wani abin al'ajabi, bayan ya yi fiffiken yakan sake saɓa sau ɗaya, duk cikin ƙwari ba mai yin haka sai shi. Daga nan ba ya ƙara cin kome, domin bakinsa ma ba ya aiki. Aikinsa kawai ya yi barbara, macen ta zuba ƙwai, su mutu, wani cikin awa ɗaya, wani kwana ɗaya ko biyu. Akwai irinsa fiye da 3,000 a duniya. Watau abin da kaka ke gani a jikin fitila ƙarshen labari ne, kusan dukan rayuwar a ƙarƙashin ruwa aka yi ta, inda ba wanda ke dubawa.

Ba shi kaɗai ba ne. Akwai wata tsutsa mai gina wa kanta gida da ƙwayoyin yashi ko guntayen kara, ta liƙa su da zaren da take fitarwa daga bakinta, tana jan gidan duk inda za ta. Akwai jar tsutsar nan siririya ta cikin laka, wadda ke zama ƙwaro mai kama da sauro amma ba ya cizo. Har mazarin nan da muke kora muna yara a bakin tafki, shi ma a ruwa yake girma, kuma tun yana can mafarauci ne, 'ya'yan sauro na cikin abincinsa. Duk waɗannan su ne ke mai da ruɓaɓɓen ganye da gansakuka su zama nama, kifi ya ci su ya girma, mu kuma mu ci kifi. In sun tashi sama, tsattsewa da jemage da kwaɗi da ƙadangaru su sami rabonsu. Ko tarwaɗa mai cin kome, sa'ad da take ƙarama kamar ɗan yatsa, da irin waɗannan take tashi.

Kada wani ya ce wannan labarin Turai ne kawai. Da aka datse Kogin Kwara a Kainji a 1968, ruwa ya shanye itatuwa masu yawa, sai wani irin wannan ƙwaro na Afirka, wanda masana ke kira Povilla, ya sami gidan zama, domin shi ɗansa huda itacen da ke cikin ruwa yake yi ya shige, har jiragen katako yakan ɓata. Ya yaɗu ƙwarai, ya zama babban abincin kifaye iri iri, haka kuma aka gani a tafkin Bolta na ƙasar Gana. Masu bincike a tafkin Biktoriya sun lura cewa tashinsa yana bin wata, ya fi yawa kamar kwana biyu bayan wata ya cika. Da na tambayi kaka ko ya taɓa lura da haka, sai ya ce shi dai ya san fatsar farin wata ta fi albarka.

Yanzu ga abin da aka auna. A Amurka ƙwarin nan sukan tashi daga kogin Misisifi da tafkin Iri da yawan da har na'urar hangen hadari takan gan su kamar gajimare, wani lokaci sai an kawo motar kwashe ƙanƙara ta share gawarwakinsu daga kan gada kafin motoci su wuce. Masana suka bi bayanan wannan na'ura, suka buga sakamako a 2020: daga 2012 zuwa 2019 na arewacin Misisifi sun ragu da kashi 52 cikin ɗari, na yammacin tafkin Iri kuwa daga 2015 zuwa 2019 sun ragu da kashi 84. A Jamus wata ƙungiyar masu sha'awar ƙwari ta garin Krefeld ta yi shekara 27 tana kafa tarko a wurare 63 tana auna nauyin abin da ta kama, a 2017 aka bayyana cewa ƙwari masu tashi sun ragu da fiye da kashi 75 cikin ɗari, alhali kuwa wuraren duk gandayen da aka keɓe ne. Wani kawuna direba, mai bin hanyar Kano zuwa Katsina, da na faɗa masa haka sai ya ce shi bai san Jamus ba, amma ya san da can in ya yi tafiyar dare da damina sai ya tsaya ya wanke gilashi, yanzu kuwa har ya je ya dawo bai taɓa shi ba.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na tafkin Shinji a ƙasar Japan, don ya yi kama da namu. Gonakin shinkafa ne suka kewaye shi. A 1993 manoma suka fara amfani da wani sabon maganin ƙwari, daga dangin da ake kira niyonikotinoyid. Maganin bai kashe kifi ba, ba wanda ya ga kifi ko ɗaya yana yawo ciki sama. Abincin kifin ya kashe, watau ƙananan halittun ruwa da tsutsotsin laka. Wani ƙaramin kifi da masunta ke kama wajen tan 240 a shekara, sai ya koma tan 22. Sai a 2019 aka buga binciken da ya haɗa wannan da wancan. Ƙasashen Tarayyar Turai sun hana amfani da iri uku na wannan magani a fili tun 2018. A nan wajenmu kuwa, wasu daga cikin garin maganin da muke cuɗa iri da shi kafin shuka suna ɗauke da shi, kuma yana narkewa a ruwa, ruwan sama na wanke shi ya gangara.

Mu abin da muka sani da sunan kashe kifi da guba shi ne gamalin. Asalinsa don ƙwarin koko aka kawo shi kudancin ƙasar nan, sai marasa tsoron Allah suka mai da shi abin su, a zuba a gurbi a kwashe babba da ƙarami. Dokar kamun kifi ta ƙasa ta 1992 ta hana su da guba, a 2009 kuma ƙasashen duniya suka sa sinadarin da ke cikinsa a jerin waɗanda za a daina. Tun kafin gamalin ma akwai magimfa, da ake dakawa a zuba a ruwa, sai dai ita rana na karya ƙarfinta cikin 'yan kwanaki. Irin wannan ɓarna kowa na ganinta, kowa na tsine mata. Wadda nake magana a kai ita ce wadda ba a gani, kuma mutanen kirki ne ke yin ta.

Ga yadda na shiga ciki. Babana yana noman rani a bakin rafin nan, tumatir da albasa da tattasai. Da kuɗin tumatir ɗin nan ake saya mini sabulu da gari da littattafai, da shi ake biyan kuɗin motar da ke kawo ni makaranta. Tumatir kuwa in ba a yi masa feshi ba tsutsa ba ta barin ko na miya, wanda ya ga abin da ta yi wa manoman Kano da Katsina da Kaduna a 2016, har aka sa mata suna sharon, ba zai ce a daina feshi ba. To, duk hutun da na je gida ni ne mai goya tankin feshi. In na gama, sai in gangara gurbin da ya fi kusa, in cika tankin da ruwa, in girgiza, in tuttular a nan, in sake, har sau uku, don Baba ya ce kada a bar magani ya kwana a ciki. Kwalbar da ta ƙare kuma in ɗauraye ta in jefar cikin ciyawa. Ban taɓa ganin kifi ya mutu ba, don haka ban taɓa zaton ina yin laifi ba. Haka kuma maƙwabtanmu na sama da na ƙasa suke yi.

Sai Malam ya ba mu labarin kogin Kennet na Ingila. A watan Yuli na 2013 wani maganin ƙwari mai suna kulofirifos, wanda irinsa ya daɗe a shagunan kayan noma na ƙasar nan, ya shiga kogin ta magudanar ruwa. An ƙiyasta bai wuce cokalin shayi biyu ba. Amma ya kashe ƙwarin ruwa a tsawon wajen kilomita 15. Ruwan yana nan garau, kifi yana iyo, ba wanda zai ce wani abu ya faru. Ina zaune a aji ina lissafa cokali nawa na zuba a gurbinmu cikin shekara uku, har aka buga ƙararrawa ban ji ba.

Ba zan ɗora wa tankin feshi laifin duka ba, don ba gaskiya ba ne. Kaka da kansa ya ce tun farin 1973 da na 1984 gurabun ba su koma zurfinsu na da ba. An sare itatuwan bakin rafi an yi gona har gaɓa, saboda haka ruwan sama na kwaso ƙasa ya binne tsakuwar da ƙwarin ke maƙalewa, laka kuma ta toshe musu abin numfashi. Ba inuwa, ruwa sai ya yi zafi, ruwan zafi kuwa ba ya riƙe iska kamar mai sanyi. Motocin tifa suna kwashe yashi, injunan ban ruwa suna zuƙe gurbi tun kafin ƙwaro ya ƙosa ya tashi. Takin zamani da ke gangarowa yana sa gansakuka ta yi yawa, in ta ruɓe ta cinye iskar ruwan. Har fitilun da muke murna da su suna da nasu, don suna janye ƙwarin daga bakin ruwa su yi ta kewaya har su mutu ba su zuba ƙwai inda ya kamata ba.

Iyayenmu mata za su ce in ƙwari sun ƙare ai an huta. To, ga inda gizo ke saƙar. Ɗan sauro ba ya shan iskar cikin ruwa, wani ɗan bututu gare shi da yake leƙowa da shi sama, don haka ƙazantar ruwa ba ta dame shi ba, kuma cikin kamar kwana goma ya zama sauro. Ɗan mazari mai cinsa kuwa sai ya yi watanni. In guba ta share gurbi ta wuce, wa kuke tsammani zai fara dawowa? Haka nan tarwaɗa da gaiwa suna iya shaƙar iskar sama, suna jure ruwan da ya lalace. Mutum ya kama tarwaɗa ya ce ruwa lafiya lau, alhali kuwa saura sun daɗe da ƙarewa.

Abin da ya ƙarfafa mini zuciya shi ne yadda aka gano ɓarnar kogin Kennet. Ba manyan masana ba ne suka fara gani, 'yan sa kai ne, masu fatsa da mutanen gari, waɗanda ke zuwa kowane wata suna ƙirga ƙwari. Tun 2004 aka kafa wata haɗaɗɗiyar ƙungiya a can don wannan aiki. Hanyar ba wuya. Mutum ya shiga ruwa ya kafa 'yar koma mai ƙananan idanu, ya yi ta tumurmusa tsakuwa da ƙafa har minti uku don abin da ke ƙasa ya taso ya shiga, sa'an nan ya juye a farin faranti mai ɗan ruwa, ya ƙirga iri iri, ya rubuta, ya mai da su. In wata ya zo lissafi ya faɗi warwas, sun san wani abu ya shiga ruwa, sai su kai ƙara tun sawu bai ɓace ba. Ƙwarin kuma suna dawowa in an bar su. A tafkin Iri da na ambata sun taɓa ɓacewa tun wajen 1953 saboda ƙazanta, da aka tsabtace ruwan suka komo bayan shekara kusan arba'in.

Da hutun da ya wuce na gwada. Na yanki tsohon gidan sauro na ɗinke shi a bakin waya, na ari farin farantin tangaran na Inna ba da saninta ba, wanda daga baya na sha faɗa a kansa. Da yake ruwan gurbi ba ya gudu, sai na riƙa tumurmusa ƙasa ina jan komar a cikin duhun da ya tashi. Na fara da wani gurbi can sama, wajen duwatsu, inda ba gona kusa, makiyaya kaɗai ke shayar da shanu. Da ruwan ya kwanta a faranti sai na ga abin yana motsi ko'ina. Ga 'ya'yan mazari, ga ƙwaron nan mai iyo da baya, ga masu wutsiya uku suna kaɗa 'yan ganyayyakinsu daidai yadda na gani a littafi. Har mai gidan yashi na samu a jikin wani dutse, na ɗauka tsakuwa ce sai da ta fara tafiya. Sa'an nan na gangaro gurbin da nake wanke tanki. Na ja sau uku. Jar tsutsa na samu, da dodon koɗi, da 'ya'yan sauro. Na san gwaji ɗaya ba ya zama hujja, Malam ma ya ja mini kunne cewa gurabun biyu sun bambanta ta wajen laka da inuwa, ba magani kaɗai ba. Amma na kai wa kaka farantin farko har zaure, ya sa tabarau ya daɗe yana kallo, ya ce shekararsa saba'in da wani abu yana cin arzikin ruwan nan, bai taɓa ganin 'ya'yansu ba sai yau.

Magana da Baba ita ta fi wuya, don ba a koya wa uba noma. Na jira har ya ci abinci, na durƙusa na ce, "Baba, in kun yarda, ina so in riƙa ɗebo ruwa da bokiti in wanke tanki a can tudu, ruwan wankin kuma in fesa shi a kan kunya, maimakon in zuba a rafi." Ya ce wa ya gaya mini. Na ce a jikin takardar kwalbar ma an rubuta a nisanta shi da ruwa, na karanta masa, na fassara. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "In kai ka daina, na sama da mu fa?" Ban sami amsa ba. Can ya ce wahalar ɗaukar bokiti tawa ce, in na ga zan iya, bismilla, amma kada in kuskura in je ina yi wa dattawa wa'azi a gonakinsu. Kwalaben da suka ƙare kuwa ya yarda a riƙa hudawa ana tarawa nesa da ruwa, don dama ba ya son yadda yara ke tsinta suna zuba ruwan sha.

Kaka ne ya ɗauki maganar ya kai inda ni ban isa ba. Ranar Juma'a bayan an sauko, ya ba abokansa labarin cokali biyu, ya ƙara gishiri ya ce rabin cokali ne. Wasu suka yi dariya, wani ya ce jikan nasa ya fara taɓuwa, ana ganinsa da faranti a rafi kamar mai neman zinariya. Amma mutum biyu sun zo sun ce in nuna musu abin da ke cikin farantin.

Na bar wa ƙanena komar da wani littafin rubutu, na ce duk ranar da wata ya tsaya ya je gurabun nan biyu ya ƙirga, ya zana abin da bai san sunansa ba. A makarantar nan akwai 'yan Kusada da ke kusa da dam, akwai 'yan Dutsin-Ma da suka san Zobe, wanda aka gama a 1983 a kan kogin Karaduwa, akwai kuma waɗanda ko kududdufi ne a bayan gidansu. Wanda ke so ya gwada da hutu mai zuwa, ya same ni bayan sallar la'asar in nuna masa yadda ake ɗinka komar. Malam ya ce zai ba mu aron madubin ƙara girma guda biyu na ɗakin gwaji, in mun sa hannu cewa za mu dawo da su. Faranti kuwa kowa ya nemi izinin mai shi tukuna.